Injiniya da Jar Fitilar Batir

Akwai unguwar da Allah ya ba ruwan famfo, akwai wadda ya ba likita, akwai wadda ya ba maƙwabta masu haƙuri. Wannan unguwa kuwa an fifita ta a kan saura, an ba ta Injiniya.

Ba a taɓa yin masanin mota irinsa ba, kuma in Allah ya ji ƙan motoci ba za a sake ba. Shekara talatin da uku ya yi a sashen sufuri na wata ma'aikata, kuma aikinsa ba ƙarami ba ne. Shi ke zaune a bakin akwatin makullai. Da safe direba ya zo ya sa hannu a takarda, Injiniya ya miƙa masa makulli. Da yamma direba ya dawo, Injiniya ya karɓa ya rataye a ƙusa. Motoci arba'in suka bi ta hannunsa, ko dai a ce makullansu. Ranar da ya yi ritaya aka karrama shi da akwatin kayan aiki, sifana goma sha biyu da sukundireba huɗu. Suna nan cikin ledarsu fes, ba a taɓa wulaƙanta ko ɗaya da noti ba.

Sunan Injiniya ba makaranta ta ba shi ba. Shi ya raɗa wa kansa, da ya ga an daɗe ana jan ƙafa. A gaban idonsa haka ake kiransa. In ya ba da baya kuwa, Buɗe-Bonet ne. Mota ba ta isa ta yi tari a layin nan ba, sai ga shi cikin farar rigar aiki mai karin guga, biro uku a aljihun gaba, yana cewa a buɗe bonet. Ya goya hannu a baya, ya leƙa, ya daɗe yana kallon inji kamar wanda ya zo ta'aziyya. Can ya nisa ya ce, "Hmm. Akwai sakaci." Ya juya ya tafi. Bai taɓa kuskure ba, bawan Allah, don ba a yi motar da ba ta da sakaci ba tukuna.

Tasa motar tsohuwa ce, ruwan toka, ƙofar baya ta hagu ta daɗe da daina kulluwa. Yana tafiyar da ita yadda ake tafiyar da ma'aikata. Inji shi ne darakta, giya mataimakiya, tayoyi leburori, hon kuma jami'in yaɗa labarai.

Ana nan sai mutanen unguwa suka haɗa kai za su sayi bas mai kai yara makaranta, ana neman wanda za a danƙa wa kula da ita. Ba a tambayi Injiniya ba, amma ya amsa. Kafin mako ya zagayo har ya sa an sassaƙa masa hatimi: Babban Daraktan Sufuri na Unguwa. Ya gwada shi a takarda, ya gwada a bayan kalanda, ya gwada a kwalin zaren matarsa. Ko'ina ya hau daram.

Masu yanke hukunci mutum uku ne. Akwai mai kemis, akwai mai gidan burodi, mutum mai jiki wanda hawa matakala uku ke sa shi haki, sai shugabarsu, tsohuwar shugabar makaranta da kowa ke kira Malama Babba. Suka ce ranar Asabar za a je ganin bas ɗin a can ƙarshen gari, in an dawo a faɗi wanda aka zaɓa. Injiniya ya ce shi zai kai su a motarsa, don su ga da idonsu yadda mota ke zama in tana hannun masani.

Ranar Litinin jar fitila ta kunnu.

Wata ƴar fitila ce a gaban sitiyari, mai hoton batir. Ƙa'idarta, in an murɗa makulli ta kawo, in inji ya tashi ta ɗauke. Ran nan ta kawo ta yi zamanta. Daga ƙarƙashin bonet kuma wani ƙara ya taso, ƙiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Wani da sai ya rikice. Ban da Injiniya. Ya san katin shaida sarai: wanda hotonsa ke jikin kati, shi ne mai kati. To hoton wa ke jikin fitila? Batir. An gama bincike, mai laifi ya kawo kansa.

Da safiyar Talata mota ta ce ƙar, ƙar, ƙet, ta yi shiru. Injiniya ya sallami batir daga aiki ba tare da jin bahasi ba, ya ajiye shi a baranda, ya ɗauko sabo dal daga kanti. Mota ta tashi. Jar fitila dai tana nan tana kallonsa ido cikin ido. Ya ce sabon ma'aikaci ne, sai a hankali zai saba da ofis. Ranar Alhamis da safe sabon ma ya ce ƙet. Daga baya shi ma aka jera shi kusa da na farko, su biyu a baranda kamar masu jiran ganin manaja.

"Batiran zamani," in ji Injiniya, "ba su da tarbiyya. A zamaninmu batir sai ya yi shekara biyar bai ɗaga kai ya kalli ubangidansa ba."

Matarsa tela ce, mace mai aiki a gabanta. Ita ke barin keken ɗinki ta fito ta yi turi, ita da duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta layin. Injiniya ba ya turi. Dole a samu ƙwararre a kan sitiyari.

Turin ranar Alhamis ya bi da su ta gaban rumfar mai wayarin da ke kan kwana. Mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, dattijo ne mai furfura, maras yawan magana, kayan aikinsa ƴar mita da ƙwan gwaji mai waya biyu. Ya ɗago kai daga abin da yake yi.

"Yallaɓai, barka da hanya. Ba batir ba ne fa, altanetarka ce ba ta caji. Tun Litinin nake jin kukan bel ɗinka daga nan. A tsaya in sa mita, minti biyar ne."

Altaneta, ga wanda bai sani ba, ita ce ƴar na'urar da bel ke juyawa in inji na aiki, tana haɗa wuta tana mayar wa batir abin da ya kashe. Batir randa ce kawai, altaneta ke ɗebo ruwan. In bel ya saki, ɗiba ta tsaya, ko randa goma ka jera sai sun ƙafe. Matar da ke sayar da lemo a bakin gareji ma ta san wannan.

Injiniya ya taka burki, har matarsa ta kusa buga haɓa a but. Ya sauke gilashi a hankali.

"Malam mai wayarin, ni mutum ne mai girmama ƙananan ma'aikata. Amma akwai abin da ake kira tsari. Kamfanin da ya ƙera motar nan, da injiniyoyinsa da takardunsu, suka zauna suka zana hoto. Da altaneta suke nufi, ai sun san kamanninta, su suka haife ta. Ba su zana ta ba. Batir suka zana. Yanzu kana so ka ce su sun yi kuskure, ni na yi kuskure, kai kaɗai da ƴar mitarka ka yi daidai? Ni ba na hukunta wanda ba a kawo sunansa ba. A ci gaba da turi."

"Haba Malam," in ji matar daga baya, tana dafe da ƙugu, "ka bari ya duba mana. Bayana ya ƙage."

"Ke, ɗinki daban, injiniyanci daban. Na taɓa sa miki baki a wuyan riga?"

"Kullum."

"A ci gaba da turi."

Gaskiyar maganar, wadda ko matashin kansa bai faɗa wa ba, ita ce ya ji ƙishin-ƙishin cewa mai gidan burodi ya ambaci sunan mai wayarin a zancen bas. In aka ga motar Injiniya a rumfar nan bonet a buɗe, kwana biyu kafin Asabar, ai hatimi ya zama abin danne takarda.

Da la'asar ya shiga mota shi kaɗai ya zauna yana nazari. Batir ba matsala ba ne, ƙanin matarsa zai ara masa nasa. Matsalar jar fitila ce. Malama Babba gaba za ta zauna, matar da ta shekara arba'in tana kama masu satar amsa ba tare da ta juyo ba. Kafin a fita layi za ta ce, "Wannan jan fa?" To a ma'aikata, yaya ake yi da ma'aikacin da ba ya iya riƙe bakinsa in manya sun zo? Ba a tsayawa jayayya da shi. Ɗauke shi ake yi daga wurin.

Ranar ce akwatin kayan aiki ya ga hasken rana. Injiniya ya yage leda, ya zaɓi sukundireba, ya yi bismilla. Awa biyu ya yi yana fama. Ya kwance sukurori huɗu, ɗaya ya faɗa inda ba a dawowa, ya ɓalle wata roba da ya tabbatar ba ta da amfani tun asali. Daga ƙarshe ya zaro ƙwan fitilar, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake. Ya sa shi a ambulan, ya yi rubutu a bayan ambulan ɗin, ya buga hatimi, ya soke a aljihu. Ya dubi gaban sitiyari, baƙi wuluk, lafiya lau. Aikinsa na farko da hannunsa ke nan a kan mota, kuma dubi yadda ya yi kyau.

Ranar Juma'a ya tafi aski, don ba a karɓar muƙami da gashi a keya. Yana ɓacewa a kwana matarsa ta yafa mayafi ta kira mai wayarin. Suka shiga ta ƙofar nan da ba ta kulluwa, suka ja bonet. Mai wayarin ya danna bel da yatsa, ya lotsa kamar igiyar shanya. Ya sassauta noti, ya sa ƙarfe ya banƙare altaneta, ya ɗaure. Ko ruwan da ta kawo masa bai huce sanyi ba ya gama.

"Ina makulli in gwada?"

"Makulli? Da shi yake wanka."

"To ba komai. In ya tayar, jar fitila ta kawo ta ɗauke, an gama."

Ta koma kan kekenta ta ja bakinta ta yi gum. Ba ta san komai game da ambulan ba, shi kuma bai san komai game da bel ba. Gida ya zauna lafiya.

Asabar da hantsi aka ɗora batirin aro, cike da caji. Injiniya ya murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Ba ƙiii, ba ja. Ya dubi matarsa ta gilashi ya ɗaga gira, wato kin gani. Ita ma ta ɗaga masa gira, wato na gani. Kowa da abin da yake nufi.

Malama Babba ta shiga gaba da lemarta. Mai kemis da mai gidan burodi suka shiga baya, motar ta ɗan karkata wajen mai burodi. Injiniya ya kunna manyan fitilu, rana tsaka, don haka ya ga ana yi wa manya. Ya kunna fitilun gefe huɗu suna ƙiftawa. Ya kunna fanka har ƙarshe, ya kunna rediyo, ya danna hon sau uku don layi ya shaida. Sannan ya buɗe taro.

"Jama'a, mota kamar ma'aikata ce. Ba ƙarfi take so ba, shugabanci take so. Makon nan kaɗai na sallami biyu, na ɗauki mataki a kan ɗaya. Ku saurara da kyau. Kun ji wani ƙorafi? Babu. Wannan shi ake kira ladabi. Haka bas ɗinku za ta zama in ta samu wanda ya san hannunsa."

Suka faɗa cunkoson bakin kasuwa, aka yi kusan awa ana rarrafe. Injiniya bai kashe ko fitila ɗaya ba. Darakta ba ya rage daraja saboda cunkoso.

Rediyo ya fara tafiya. Mai labarai yana tsakiyar magana muryarsa ta shige rijiya.

"Na rage shi ne don mu tattauna," in ji Injiniya, hannunsa biyu a kan sitiyari.

Sai fanka ta koma numfashin tsoho mai barci. Mai gidan burodi ya fara fifita da hularsa. Wani mai babur ya gifta, Injiniya ya danna hon, jami'in yaɗa labarai ya ce "mee" kamar tunkiya mai mura. Malama Babba ta dube shi ta saman tabarau. Ɗalibanta na dā sun san wannan kallon, har yau wasu na mafarkinsa.

A tsakiyar shataletale, inda hanya huɗu ta haɗu, darakta da kansa ya yi tari biyu ya ajiye aiki.

Abin da direbobin bayansu suka faɗa ba ya rubutuwa. Mai kemis da mai gidan burodi suka fito suka sa kafaɗa. Injiniya yana ciki yana ba da umarni: "A haɗa kai! A ƙara himma! Na baya ya yi koyi da na gaba!" Aka tura, ya saki kuloci, mota ta yi tsalle ta ce a'a. Aka sake, ta sake cewa a'a. A na uku mai gidan burodi ya saki but ya rungumi sandar fitilar titi, ya ce ko bas ɗin kyauta ce shi ya gama.

Da ƙyar aka kai ta gefen hanya. Injiniya ya fito, ya gyara rigarsa, ya buɗe bonet, ya goya hannu. Ƴan kallo suka taru. Ya daɗe yana duba.

"Hmm. Akwai sakaci."

"Na wa?" in ji Malama Babba daga ƙarƙashin lema.

Shekara da shekaru yana faɗin maganar nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Mai kemis kuwa ya riga ya buga waya. Ba a jima ba sai ga mai wayarin a kan babur, batir ɗaure a bayansa.

Ya gaida kowa, ya haɗa waya, mota ta tashi. Ya ɗora ƴar mitarsa a kan batir ya tsura mata ido. Ya ce a taka totur kaɗan, aka taka. Ya girgiza kai.

"Sha biyu, kuma sauka take yi. Kamata ya yi ta haura sha huɗu. Abin mamaki. Jiya da hannuna na ɗaure bel ɗin nan."

"Jiya?" Injiniya ya zaburo. "A motata? Da izinin wa?"

"Matar gidan ce ta kira ni, Yallaɓai, kana wajen aski."

Mai gidan burodi ya daina haki don ya ji da kyau.

Mai wayarin ya kashe mota, ya zagaya ya leƙa gaban sitiyari, ya murɗa makulli rabi. Fitilar mai ta kawo. Ta burki ta kawo. Gurbin ta batir baƙi ƙirin.

"Yallaɓai, ƙwan fitilar batir ya ƙone ne?"

"Bai ƙone ba. An ɗauki mataki a kansa."

"Wane irin mataki?"

"Na gudanarwa."

Mai wayarin ya sosa furfurarsa. Mutum ne da ba ya son kunyata kowa, amma aiki aiki ne.

"Ai irin tsohuwar motar nan, ta cikin ƙwan nan ƴar wuta ke bi ta tashi altaneta daga barci. Ba ado ba ne. In babu shi, ko sabuwar altaneta ka sa, juyawa kawai za ta yi ba caji. Bel ne ya saki, an kuwa ɗaure. Da ƙwan na wurinsa, da yanzu kuna gaban bas. Yana ina?"

Injiniya ya dubi sama. Ya dubi shataletale. Ya fara bayani a kan cewa akwai takardun da ba a buɗewa a bainar jama'a. Malama Babba hannu kawai ta miƙa, tafin a sama, yadda ake karɓar takardar satar amsa. Hannun Injiniya bai yi shawara da shi ba. Ya shiga aljihu ya fito da ambulan.

Ta gyara tabarau ta karanta da muryar taron safe, yadda na ƙarshen layi zai ji:

"An dakatar daga aiki nan take, saboda tona asirin ma'aikata a gaban baƙi. Ba a yarda ya kusanci mota ba har sai an ga halinsa. Sa hannu, Babban Daraktan Sufuri na Unguwa."

Mai gidan burodi ya zauna a bakin kwalbati yana dariya har da hawaye. Mai kemis ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Wani ɗan kallo ya ce a maimaita, bai ji farkon ba.

Malama Babba ta zazzage ƙwan a tafin mai wayarin. Minti goma ya mayar da shi gurbinsa. Aka murɗa makulli, ja ta kawo. Inji ya tashi, ja ta ɗauke. Mita ta haura sha huɗu ta tsaya cak. Rediyo ya farfaɗo da kansa, fanka ta hura wa kujerun da ba kowa iska.

Injiniya ya yi gyaran murya. Jarumi ba ya faɗuwa sau ɗaya.

"Kamar yadda na yi hasashe, jama'a, horon ya yi amfani. Kun ga yadda ya dawo bakin aiki da ladabi. Wannan shi ne salon da zan kawo wa bas, wato..."

"Malam mai wayarin," in ji Malama Babba, kamar iska ce ta wuce, "za ka iya duba mana bas ɗin yara duk mako?"

"In an kawo ta rumfa, Malama, me zai hana."

Ta dubi sauran biyun. Mai kemis ya ɗaga hannu. Mai gidan burodi ya ɗaga biyu, daga zaune.

Sannan ta ninke ambulan ɗin a tsanake, rubutun a waje. Ta matso ta soke shi a aljihun farar rigar, bayan biro ukun nan, ta ɗan daddanna don kada ya faɗi.

"Ajiye abinka, Injiniya. Ka hutar da mu rubuta maka wata takardar. Har hatimi ka buga."